Intanet ɗinsu na da gudu, amma ma'aikacinsu ya so in yar da rautata

A kan gudu dai ba ni da ƙorafi. Tunda na bar tsohon kamfani na koma wannan mai wayar fayiba a nan Gwarinpa, bidiyo ya daina tsayawa, kiran WhatsApp ya daina yankewa. Abin da ya ɓata min rai ranar haɗawa ce.

Ma'aikacinsu ya jawo waya daga falwaya, ya kafa farin akwatinsu a falo, fitila ta kawo kore. Na ce ya jona min da rautata ta TP-Link, wato na'urar da ke raba waifai a gida, domin waifai ɗin akwatinsu ba ya kaiwa ɗakunan baya. Ya soka kebul, ya ga shiru, sai ya ce, "Alhaji, wannan ta tsohon kamfani ce, ba za ta yi da namu ba. Akwai tamu a mota in kana so." Rautar da na saya da kuɗina a kasuwa, ba wani kamfani ne ya ba ni ba! Ko shafin saitinta bai buɗe ba.

Da yamma ɗan yayata ya zo. Ya shiga shafin saitin rautar, 192.168.0.1, ta wayarsa, ya nuna min matsalar ƙiri-ƙiri: rautar tana kan saitin PPPoE, wato tana ta ƙoƙarin shiga da suna da kalmar sirrin tsohon kamfani. Ya mayar da ita Dynamic IP, wato ta karɓi adireshin intanet daga akwatinsu da kanta, ya tabbatar kebul ɗin da ya fito daga akwatinsu yana cikin ramin WAN, inda intanet ke shiga rautar, ya kashe su duka ya kunna akwatin tukuna. Shayina bai huce ba intanet ya kawo. Ya ce, "Kawu, ai lafiyarta lau."

Daɗin abin, sunan waifai da kalmar sirrinsa ba su canza ba. Wayoyin gida, talabijin, har kyamarorin tsakar gida da sai a 2.4GHz suke aiki, duk suka koma da kansu. Wanda ya taɓa hawa tsani don ya sake saita kyamara ya san wahalar da na tsallake. Wallahi rautar nan ta biya kuɗinta.

Sai dai kamfanin bai gama da ni ba. Yanzu na'ura biyu, akwatinsu da rautata, ke raba adireshin intanet a gida ɗaya, kuma in ina waje ba na iya leƙa na'urar adana hotunan kyamara kai tsaye kamar da. Na kira su na roƙi su mayar da akwatinsu gada kawai, wato ya miƙa wa rautata intanet ya bar mata rabon adireshi, su ba ni suna da kalmar sirri in sa a rautata. Wadda ta ɗauka ta yi ladabi, ta ce za a kira ni. Har yau. Shafin saitin akwatin ma sun kulle, alhali na biya kuɗin haɗawa cif.

Ga batun wuta. A da na'ura ɗaya nake ciyarwa da ƙaramin batir mai 12V, yanzu sun zama biyu, in an ɗauke wuta batirin ba ya kai mu dare. Babu wanda ya faɗa min haka kafin in biya.

Ba zan koma tsohon kamfani ba, gaskiya. Amma duk mai rautarsa da zai kira waɗannan, ya sa ma'aikacin ya buɗe saitin WAN a gabansa, kuma ya nemi bayanan shigarsa a rubuce tun kafin ya ba da ko kwabo.