Keken ɗinki na Butterfly mai baƙin kai: ya isa a ɗinka wa yara kaya a gida?

Duk uwar da ta taɓa kai kayan yara wurin tela a goman ƙarshe na azumi ta san dalilin da ya sa mata da yawa ke sha'awar ajiye keke a ɗaka. Yaro ba ya jiran kaya. Rigar da ta yi masa daidai a ƙaramar salla, kafin babbar salla ta zo ta ɗage masa. Keken da aka fi saye don wannan aiki shi ne Butterfly mai baƙin kai da zanen ruwan zinare, wanda ake ƙerawa a China, samfurin da ake rubuta wa JA2-1 ko JA2-2. Tsarinsa kwaikwayon tsohon keken Singer ne mai lamba 15, shi ya sa allurarsa da kwarkwaronsa da ƙoshiyarsa ba sa wuyar samu, kuma da wuya a rasa mai gyaransa a kasuwar gari.

In dai kayan da za ki riƙa ɗinkawa na atamfa ne, da shadda, da yadin kaftani, da yadin kayan makaranta, keken nan ya isa, kuma zai daɗe yana yi miki aiki. Sai dai yana da giɓi guda biyu da suka fi bayyana a ɗinkin yara fiye da na manya, kuma mai shago ba zai faɗa miki su ba.

Abin da ya fi komai a jikinsa shi ne ba ya jiran wuta. Da ƙafa ake taka shi, kuma ƙafar ce ke ba ki iko da gudunsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kayan yara, domin wuyan rigar 'yar shekara biyu da zagayen hammatarta lanƙwasa ce ƙanƙanuwa, sai an bi ta a hankali, wani wurin ma da hannu za a juya wilin keken, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Ana iya ɗaura masa ƙaramin injin lantarki daga baya, amma ga mai koyo injin yakan fizge yadi kafin hannu ya saita shi, don haka gara a fara da ƙafa. Ɗinkinsa miƙaƙƙe ne, gaba da baya kawai, amma yana kamawa sosai, kuma yana haye wurin da yadi ya ninku huɗu ko shida, kamar hantsar wando, ba tare da ya tsaya ba muddin allurar ta dace.

Allurar da yake ɗauka ita ce HAx1, mai gefe ɗaya a shafe daga sama. Kada a yarda a karɓi DBx1, wadda ƙotarta zagayayya ce. Ta manyan kekunan masana'anta ce, in an sa ta a nan sai ɗinki ya riƙa tsallake. Lamba 11 ta yadi marar nauyi ce irin na rigar jarirai da shafi, lamba 14 ta atamfa da shadda da yawancin ɗinkin gida, lamba 16 ta kaki da jins. Wurin ɗaurawa, gefen da ke shafe yana kallon dama, wajen wili, a tura allurar sama har ta tsaya kafin a ɗaure sukurun, zare kuma ya shiga daga hagu zuwa dama, wato daga ɓangaren da doguwar tsagar allurar take. Da yawa daga cikin kekunan da ake cewa sun lalace, allura ce aka juya ko ba ta kai sama ba.

Tsawon ɗinki na kayan yara ya zama 10 zuwa 12 a kowane inci, wato milimita 2 zuwa 2.5. In ya fi haka tsawo, gwiwar wando da hammata za su buɗe da wasan ƙasa. In ya yi ƙanana sosai, ranar da za ki warware don ƙara wa rigar girma za ki yaga yadin.

Giɓi na farko shi ne ba ya yin zigzag. Ma'ana ba zai ɗaure bakin yadi ba, ba zai yi gidan maɓalli ba, kuma bai iya yadi mai talewa ba. Bakin yadi a kayan yara abu ne da ba a wasa da shi, saboda ana wanke su kusan kullum, ana cuɗawa ana murzawa, kuma zaren da ya zazzago yana sa fatar yaro ƙaiƙayi. Ana iya kai wa masu keken da teloli ke kira wibin su bi bakin, amma akwai hanyar da ta fi wannan kyau a keken nan kansa, ita ce ɗinki biyu mai ɓoye baki. A haɗa yadin baya da baya, fuskar tana waje, a ɗinka da rarar kwata na inci. A rage rarar da almakashi ta koma rabin haka, a juya, a goge da dutsen guga har ɗinkin ya zauna a kan lanƙwasa, sannan a sake ɗinkawa da rarar da ta ɗara kwata kaɗan, kamar uku bisa takwas na inci. Bakin ya shige ciki ke nan, ba abin da zai taɓa jiki. Tun wurin yanka za a bar rarar biyar bisa takwas don wannan. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake ragewar, sai gashin yadi ya riƙa leƙowa a fuskar riga. Wannan ɗinki ya dace da gefen riga, da hannu, da siket. A wandon namiji kuwa, a ɗinka yadda aka saba, a rage rarar gefe ɗaya, a naɗe ɗayar a kanta, a kwantar a bi da ɗinki na biyu, irin wanda ake gani a jikin jins. Shi ne ɗinkin da ke jure hawan katanga.

Gidan maɓalli sai dai a yi da hannu ko a kai wa mai keken zigzag. Ga 'yan ƙasa da shekara uku ma gara a rage maɓalli, domin duk wanda ya cire baki zai nufa. Zif a baya, ko madauki na yadi da maɓalli ɗaya da aka ɗinke da zare ninki biyu, sun wadatar. Don zif ɗin za a sayi siririyar ƙafar danne yadi daban, ba ta da tsada.

Yadi mai talewa, irin na singileti da wasu hijaban yara, nan ne keken ya gaza, kuma gara a faɗa a fili. Allura mai dunƙulallen baki tana rage tsallake, shimfiɗa takarda a ƙarƙashi tana hana haƙoran keke cinye yadin, amma miƙaƙƙen ɗinki ba ya talewa, ranar da yaro ya ja wuyan rigar da ƙarfi zai tsinke. Wadda yawancin aikinta irin wannan yadi ne, kada ta sayi keken nan.

Giɓi na biyu, gadon keken shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da siririn hannun da ake zura hannun riga ko ƙafar wando a ciki. Hannun rigar jariri kuwa bakinsa bai fi inci shida ko bakwai a zagaye ba, in an riga an rufe shi ba zai shiga ƙarƙashin allura da daɗi ba. Maganin shi ne a sauya jerin aiki. A fara haɗa kafaɗu, a gama wuya, a yi kalmasar bakin hannu tun yana shimfiɗe, a ɗora hannun a jikin rigar tana buɗe, sannan a yi ɗinki ɗaya tun daga bakin hannu, ta hammata, har ƙasan riga. Haka ƙafar wando: kalmasa tukuna, sannan ɗinkin ciki. In dole sai an ɗinka zagaye, a juya fuskar yadin waje a ɗinka daga ciki, ƙafar danne tana tafiya a cikin zoben.

A tattara kuwa, wadda rigunan 'yan mata ba sa rabuwa da ita, keken ya yi kyau ƙwarai. A kai tsawon ɗinki ƙarshe, a ɗan sassauta zaren sama, a yi layi biyu a jere da tazarar kwata na inci, kada a koma baya a farko ko ƙarshe. A ja zaren ƙasa guda biyun tare. Faɗin siket ya zama ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na ƙugun riga. Atamfa mai kauri ɗaya da rabi ya ishe ta. Layi ɗaya yakan tsinke a tsakiya, kuma tattararsa ba ta kwanciya. Kada a manta a mayar da zaren sama yadda yake kafin a ci gaba.

Game da yawan yadi, atamfa faɗinta wajen inci 45 ne, turmi kuma yadi shida. Rigar 'yar shekara biyu zuwa uku mai tattara tana cin yadi ɗaya da rabi, ta 'yar biyar zuwa shida yadi biyu, ta 'yar tara ko goma biyu da rabi zuwa uku in da ɗankwali. Turmi ɗaya ke nan zai fitar da anko na yara mata uku ƙanana, in zanen ba mai fuska ɗaya ba ne. Mai fuska ɗaya yana ƙara ci domin ba a juya yanka. Yadin maza mai faɗin inci 58 zuwa 60, kaftani da wando na ɗan shekara uku zuwa huɗu yadi ɗaya da rabi, na ɗan bakwai zuwa takwas biyu zuwa biyu da rabi. A Kantin Kwari da sauran kasuwannin yadi ana samun ragowar yanka, kuma su ne suka fi dacewa da koyo. Yadin auduga a jiƙa shi a shanya a goge kafin a yanka, in ba haka ba wankin farko zai ɗage rigar.

Abu biyu na awo da ke ɓata ɗinkin yara. Na ɗaya kai: kan yaro babba ne a kan jikinsa, ɗan shekara biyu zagayen kansa ya kai inci 19, don haka wuyan da aka yanka da awon wuya kawai ba zai shiga ba. A auna kai, a bar tsaga ko zif. Na biyu ƙugu: a auna cikin yaro, a yanke roba ta gaza awon da inci ɗaya, a ɗora bakunan da rabin inci a ɗinke da kyau. Ga roba mai faɗin uku bisa huɗu, ƙubaka ta zama inci ɗaya. A naɗe kwata tukuna, sannan inci. In ƙubakar ta matse roba za ta murɗe, in ta yi faɗi za ta riƙa juyawa a ciki. Roba ta fi mazagi ga yaron da ke koyon zuwa bayi da kansa. Igiya a wuyan riga ko hular riga kuwa a bar ta sam, tana iya sarƙewa a wurin wasa. A ƙasan riga da wando a bar kalmasa inci biyu zuwa uku don a sake ta baɗi.

Matsalolin keken kaɗan ne kuma sanannu. In zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, laifin zaren sama ne: an zura shi ƙafar danne tana ƙasa, bai shiga tsakanin faifan matsi ba, ko an tsallake sandar da ke hawa da sauka. In zare yana tsinkewa da zarar an fara, wili ne ya juya baya. Kullum wajenki zai juyo, kuma da hannu ake tayar da shi kafin ƙafa ta karɓa. A riƙe wutsiyar zare biyun a ɗinki uku na farko. In yadi marar nauyi yana yamutsewa, allura ta yi girma ko zaren sama ya yi tsauri. Sukurun ƙoshiya, wato gidan da kwarkwaro ke zama a ciki, a ƙyale shi sai an gwada: a rataye ta da zarenta, in an ɗan girgiza ta sauka kaɗan ta tsaya, lafiyarta ƙalau. Bel na fata yana saki bayan 'yan watanni. A yanke rabin inci, a huda, a mayar da ƙarfen. Mai kuwa ɗigo ɗaya a kowane rami da kuma inda ƙoshiya ke kai da komo, kuma man keke kawai. Man gyaɗa yana daskarewa ya kama ƙarfe. Lokacin hunturu a kwance farantin allura a share ƙurar da ke tsakanin haƙora duk mako, ga kuma atamfa mai sitati tana zubar da gari sosai. Bayan sa mai a ɗinka tsumma tukuna, kada farin yadin salla ya sha tabo.

Inda keken ya fi rauni shi ne teburinsa. Katakon yawancin sababbin matsattsen gari ne, ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura, sukurori su saki, kan keke ya fara rawa. Ƙafafun ƙarfen ma ba duka ne masu nauyi ba. Kuma ba kowane kai ne ke fitowa daga kwali a saite ba, ga kuma masu kama da shi a kasuwa. Saboda haka kada a biya kuɗi sai an haɗa shi an gwada a shagon. Ki tafi da ƙyallen atamfa, da na shafi, da na kaki. A ɗinka kowanne gaba da baya, a duba sama da ƙasa ko ƙullin zare ya ɓuya a tsakiya. A juya wili da hannu a ji ko akwai inda yake cijewa, a girgiza sandar allura a ga ko tana motsi gefe, a gwada naɗa kwarkwaro. Tsohon kai da aka kula da shi sau da yawa ya fi sabo laushin tafiya, don haka na hannu ba abin ƙi ba ne in ya ci wannan gwaji.

Tun da a gidan da yara suke za a ajiye shi, duk lokacin da aka tashi daga ɗinki a sauke bel daga babban wili, a kwantar da kan keken cikin teburinsa a rufe. Yaro ɗaya ya taka mataki, wani ya sa yatsa ƙarƙashin allura, abu ne da ke faruwa cikin ƙiftawar ido. Almakashi da fil da allurai su zauna a gwangwani mai murfi, ba a aljihun tebur ba, domin tsayinsa daidai hannun mai tatata ne.