Na'urar tace iska ko fanka mai ruwa, in hayaƙin gobarar daji ya haɗu da zafi

'Yar'uwa, kin tambayi wacce za ki saya saboda hayaƙin gobarar daji da zafi. Tunda kuɗin abu ɗaya gare ki, tsakanin na'urar tace iska da fanka mai ruwa (wadda ke sanyaya iska da danshin ruwa), ki ɗauki ta tace iska, mai matatar HEPA, wato matata mai kama ƙananan ɓurɓushi. Duka biyun ina da su.

Illar hayaƙin gobarar daji tana cikin ƙananan ɓurɓushin da ake kira PM2.5, waɗanda ido ba ya gani. Suna wucewa can cikin huhu, wasu har su shiga jini. Matatar HEPA ta gaske tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ɓurɓushi mai girman maikiron 0.3 (maikiron ɗaya bisa dubu ne na milimita). Mahaifiyata tana da asma, kuma lokacin da hayaƙi ya lulluɓe mu, rana ta yi ja kamar garwashi, tari ya hana ta runtsawa. Muka ware mata ɗaki guda, muka rufe tagogi, muka toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul, muka bar na'urar tana aiki ba dare ba rana. Alhamdulillahi, kukan da ƙirjinta ke yi ya lafa, ta samu barci har asuba, ga maganinta a kusa. Da muka ciro matatar daga baya, ta yi baƙi ƙirin.

Fanka mai ruwa kuwa, to, tana sanyaya ɗaki in iska a bushe take, iyakarta ke nan. Sai da taga a buɗe take aiki, ta nan kuma hayaƙin ke shigowa. A rufe ɗakin, ta cika shi da danshi, gumi ya ƙi bushewa. Tawa tana lungu.

Wajen saye ki duba lambar CADR ta hayaƙi a jikin kwalin, wadda ke nuna yawan iskar da na'urar ke tacewa. Ta kai aƙalla biyu bisa uku na faɗin ɗakin a murabba'in ƙafa: ɗaki mai 150 yana son 100. Ƙaramar na'ura a babban falo asarar kuɗi ce.

Sai dai na'urar ba ta sanyaya komai, kuma rufaffen ɗaki a tsakiyar bazara yana da nasa haɗarin. Ki riƙa shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta zo, ki jiƙa tufafi, ki saki labule a ɓangaren da rana ke duka, kada a yi suya ko a kunna kyandir a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in zafi ya haura digiri 40 a ma'aunin Celsius, fanka ta yau da kullum ƙara wa jiki zafi take yi. In ɗakin ya gagari zama, ku koma inda ake da iyakwandishan, domin zafi ya fi hayaƙi saurin kisa, musamman ga tsofaffi da jarirai. Wanda ya fara ruɗewa ko sumewa, a yi ta zuba masa ruwan sanyi a nufi asibiti da shi.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da 'yan kasuwa, don lokacin hayaƙi suke cin karensu babu babbaka. Wasu sukan rubuta wai "irin HEPA" ce, alhali soso ne kawai a ciki. Wasu su tallata miki mai fitar da iskar ozon, wai tana kashe wari, ita kuwa ozon ƙaiƙayi take sa wa huhu, mai asma bai kamata ya shaƙe ta ba. Ki sa a buɗe miki ki ga matatar da idonki, ki tambayi ko ana samun ta canji. In za ki haɗa da takunkumin N95, mai tace ɓurɓushin hayaƙi, don fita waje, na gaske yana da sunan NIOSH, hukumar Amurka da ke tantance shi, da lambar da ta fara da TC a jikinsa, igiyoyinsa kuma kai suke zagayewa. In na rataya wa kunne ne, ki mayar masa da kayansa.