Gargaɗi ga magada: masu "duba agogo kyauta" na kwashe injin agogon gado

Jama'a, duk wanda ke riƙe da agogon hannu na mahaifi ko na kaka ya yi hattara da wata damfara da ke zuwa da sunan gyara. Agogunan da alhazai suka riƙa sayowa a Makka da Jidda daga shekarun 1960 zuwa 1980, su Rado da Omega da Seiko 5 da West End, har da Rolex ga masu hali, yau suna hannun 'ya'ya da jikoki, yawancinsu sun tsaya cak a cikin akwati. 'Yan damfarar sun san magaji bai taɓa ganin cikin agogon ba, kuma da wannan rashin sanin suke cin kasuwarsu.

Talla suke sakawa a Facebook ko TikTok, ko su tura a zaurukan WhatsApp, cewa suna duba tsohon agogo kyauta, su gyara, su faɗi kuɗinsa, in ana so ma su saya. Mutum ɗaya ne mai gyara, shi ne mai ƙiyasta farashi, shi ne kuma mai saye. Wanda ya miƙa agogo ga irin wannan ya ba kura ajiyar nama, domin duk abin da ya rage wa agogon daraja riba ce a wurinsa.

Abu na farko, zai ce a bar masa agogon ya kwana biyu. A nan ɓarnar take. Zai buɗe marfin baya ya ciro injin asali, ya saka mai araha, galibi Miyota 8215 na Japan ko kwaikwayonsa na Sin, ya cike gurbin da zoben roba don kada ya yi lilo. Agogo zai dawo yana tafiya, magaji ya yi godiya, alhali an tafi da abin da ya fi komai tsada a jikinsa. Wani lokaci fuskar agogon ake musanyawa, ko hannayensa, ko a zare gaɓa biyu ko uku daga sarƙar a ce an rage ta ne don ta dace da hannu. Gaɓar sarƙar Rolex ko Omega ta asali kaya ce da ake sayarwa ɗaya-ɗaya. Bayan 'yan kwanaki sai wani abokin cin mushensa ya bayyana a matsayin masani, ya buɗe agogon a gaban kowa, ya nuna injin da su da kansu suka saka, ya ce ai dama marigayi jabu aka sayar masa. Daga nan sai tayi na wulaƙanci.

Maganin wannan yana cikin lambobi, kuma tun agogo bai bar gida ba ake ɗaukar su. A tsohon Rolex, sai an cire sarƙa: lambar samfuri tana tsakanin ƙahonnin da ke riƙe sarƙar a wajen ƙarfe 12, lambar agogon ta kansa tana wajen ƙarfe 6. A tsohon Omega lambar tana jikin injin, ta samfuri kuma a cikin marfin baya, injin yana da launin jan ƙarfe da lambarsa kamar 552 ko 565. Seiko ya fi sauƙi: a bayansa akwai lamba irin 7009 ko 6309 ko 7S26 kafin ɗan layi, ita ce sunan injin, kuma dole ta zo ɗaya da wadda aka rubuta ƙanana a ƙasan fuska da wadda ke jikin injin. A ɗauki hoton gaba da baya da gefe da makullin sarƙa, a ƙirga gaɓoɓi, a auna nauyi a sikelin masu sayar da gwal. Ranar kai shi gyara, a buɗe marfin a gaban mai shi, a ɗauki hoton inji yadda lamba za ta karantu, a rubuta ta a rasit, mai gyara ya sa hannu. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara cewa "Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" a karɓi agogo a yi gaba.

Akwai kuma gwajin da ba sai an buɗe ba. Na'urar auna bugun agogo tana nuna yawan bugu a awa. Injin Rolex 1570 yana buga 19,800, 3035 da 3135 suna buga 28,800, Miyota 8215 kuwa 21,600. Idan Rolex samfurin Datejust ya dawo daga gyara yana buga 21,600, an taɓa cikinsa. Sai dai kada a yarda da mai cewa duk agogon da hannunsa ke tsalle sau ɗaya a daƙiƙa jabu ne. Haka agogo mai batir ke tafiya, kuma Omega da Rado sun yi masu batir na asali da yawa, Rolex ma ya fitar da nasa mai batir, Oysterquartz, a 1977.

Gyara na gaskiya aiki ne mai cin lokaci. Ana warware injin gaba ɗaya, a wanke kowane ɓangare, a duba haƙoran wili da ƙananan duwatsun da ke rage gogayya, a canja sifirin da ke riƙe ƙarfi idan ya gaji, a ɗiga mai iri-iri da bakin allura, irin Moebius 9010 a wurare masu sauri da 9415 a kan duwatsun da ke sakin bugu. A sa sababbin robobin tare ruwa, a bar agogon yana tafiya kwanaki ana lura da shi. In an gama, lilon wilin bugu, wato wilin da ke kai-komo yana daidaita lokaci, ya kamata ya kai digiri 250 zuwa 300 idan an cika shi an kwantar. Abin da 'yan cuwa-cuwa ke kira sabis shi ne tsoma injin ɗungurungum cikin fetur, a hura masa iska, a zuba man keken ɗinki. Zai yi tafiya 'yan makonni, man ya malale kan siririn sifirin da ke jikin wilin bugu ya manne shi, ƙurar hunturu ta haɗu da shi ta riƙa cin ƙarfe. Haka kuma agogon da ke gudu da mintuna a rana sau da yawa maganaɗisu ne ya kama shi, daga lasifika ko murfin waya, kuma cire shi aikin daƙiƙoƙi ne. Kada a biya kuɗin sabon inji a kan wannan.

A hana mai gyara abu biyu ko da kyakkyawar niyya ya zo: goge jikin agogo da injin gurza, da sake fentin fuska. Gurzawa tana cinye kaifin gefuna, ƙarfen da ya tafi kuma ba ya dawowa. Fuskar da ta dushe da kanta ta fi wadda aka sabunta kuɗi nesa ba kusa ba a wurin masu tara agogo. Sannan fentin da ke haske da dare a agogunan da suka girmi farkon shekarun 1960 yana iya zama na radiyam, wanda ƙurarsa ke cutarwa idan an kankare an shaƙa. Duk abin da aka canja, ko gilashi ne, a dawo wa mai shi da tsohon.

Batun zinare ma ƙofa ce da suke shiga ta fuska biyu. Idan agogon gwal ne, sai su ce ai namiji ba ya sa zinare, a kawo su saya da nauyi a narke. Hukuncin sawa daban, darajar kaya daban: agogo cikakke yakan fi kuɗin ƙarfensa, kuma ana iya sayar da shi yadda yake ko ya shiga rabon mata. A duba cikin marfin baya: 750 karat 18 ke nan, 585 karat 14, 375 karat 9. Rubutu irin GP ko SGP ko 20 microns shafe ne kawai. Rado DiaStar mai ruwan gwal ba zinare ba ne, ƙarfe ne mai tauri da aka yi wa launi.

Ta ɗaya fuskar kuma sukan zuzuta. Wani zai turo saƙo cewa shi wakilin kamfanin gwanjo ne a Dubai ko Landan, Seiko 5 ɗin nan zai yi miliyoyi, a fara turo kuɗin satifiket da inshora. An ƙera Seiko 5 da yawan gaske tun 1963, kuma na yau da kullum kuɗinsa kaɗan ne. Manyan gidajen gwanjo irin Christie's da Sotheby's da Phillips suna ba da ƙiyasi kyauta daga hotuna, la'adarsu kuma daga kuɗin ciniki suke cirewa.

Agogon mamaci dukiyar magada ce duka, har da marayu, don haka kada ɗaya ya fita da shi sai da sanin saura. A nemi ƙiyasi daga mutum biyu da ba su san juna ba, a biya su ladan dubawa, a gaya musu tun farko ba da su za a yi ciniki ba. Ranar sayarwa kada a saki agogo saboda alat, sai an ga kuɗin a asusu ta manhajar banki. Wanda kuma aka riga aka musanya masa inji, kada ya koma shagon da rigima. Ya sa wani mai gyara ya buɗe, ya rubuta abin da ya tarar, a haɗa da hotunan farko da rasit da saƙonnin waya a kai wa 'yan sanda. Idan kuɗi aka tura ta banki, a sanar da bankin a ranar, sannan a kai ƙorafi EFCC.