Waƙar telan nan da na ji a fodkas, sharhina

Akwai wani fodkas na Hausa da nake bi kwanan nan, hira suke yi da mutanen da ke da fasaha amma ba wanda ya san su sai 'yan unguwarsu, irin masu ɗinkin babbar riga a cikin birni da za su zauna kan aska takwas sati da sati suna soka allura, da masu lalle, da masu rubutu a jikin keke napep. To a kashin da ya fito na baya-bayan nan wani tela suka kawo, ɗan nan Zariya ne, shagonsa na wajen Tudun Wada, da rana yana kan keken ɗinki da dare kuma yana waƙa, ba kamfani ba furodusa ba kowa, shi kaɗai da kuntiginsa. Waƙarsa da suka saka a shirin ita ta sa na zauna rubuta wannan.

Gaskiya waƙar ta shige ni. Kan yaran shago ya yi ta, wato masu koyon sana'a, wanda zai zo da sassafe ya share shago, a aike shi Sabon Gari sayo zare da sitif, ya hura gawayin dutsen guga in an ɗauke wuta, ya shekara yana saka maɓalli kafin oga ya yarda ya ba shi almakashi ya yanka yadin mutane. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin wani zai ji kamar da shi ake. Akwai baitin da yake maganar daren sallah, an kwana ana ɗinka kayan wasu shi nashi yadin yana ninke ƙarƙashin tebur ko yanka shi ba a yi ba, wallahi nan sai da na mayar baya na sake ji, don ƙanina haka ya yi rayuwarsa kafin ya buɗe nashi wajen.

Kiɗan kuma ba komai a ciki sai kuntigi da tafi. Wanda bai san kuntigi ba, ɗan ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya, sau da yawa da gwangwanin kifi ake yinsa a rufe da fata, sautinsa siriri ne mai kaifi, to shi ya sa murya dole ta tsaya da ƙafarta, ba inda za ta ɓuya. Kunnenmu ya saba da fiyano da muryar da kwamfuta ta goge tas har ba ka bambance wane da wane, shi kuwa wannan kana jin numfashinsa, kana jin inda muryar ta ɗan dishe a amshi na ƙarshe, har ƙarar babur ta shigo daga waje a wani wuri kuma ban ji ta dame ni ba ko kaɗan. A waya ya ɗauka a cikin shagon bayan an tashi, haka ya faɗa a hirar, kuma ina roƙon duk wanda zai ɗauke shi zuwa situdiyo a Kano ko Kaduna dan Allah kar a cika masa ganguna, a gyara sautin kawai a bar masa abunsa yanda yake.

Masu shirin sun kyauta da suka fara da hira kafin waƙar, don sai da muka ji mutumin, muka ji yanda yake rubuta baiti a bayan littafin awo tsakanin ƙugu da tsawon hannu, sannan waƙar ta zo, da a ce haka kawai na ci karo da ita a WhatsApp wataƙila in wuce.

Amma fa akwai inda raina bai so ba. Mai gabatarwa ya shigo da magana a kan baiti na ƙarshe yana godiya ga masu sauraro, waƙar ba ta ƙare ba aka danne ta, haba, mutum ya ba ku waƙarsa kyauta ai sai a bari ta sauka tukunna. Sannan sautin bai daidaita ba, hirar ƙasa-ƙasa sai ka ƙure waya, waƙa na shigowa kuma ta fashe maka a kunne, ina cikin motar Samaru daidai Kwangila sai da na cire iyafis ɗaya. Babban abun da ya fi ci mini rai shi ne har aka rufe ba su faɗi inda za a samu waƙar ba, kuma ba su rubuta a ƙasan shirin ba. Mawaƙin da ba shi da kowa a bayansa wannan ne fa kaɗai ribarsa. YouTube ba sa fara biyan kuɗin talla sai mutum ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, Spotify ma sai 2021 ya shigo Najeriya kuma mutanenmu har yanzu sun fi ganewa a tura musu ta Xender ko a loda a memori wajen masu caji, wanda ko sisi ba ya kaiwa ga mai waƙa. To in shiri irin wannan bai nuna wa mutane hanyar shafinsa ba waye zai nuna?

Ni dai na yi ta nema har na same shi a Audiomack, waƙoƙinsa kaɗan ne a wajen kuma wannan ta fi sauran nesa ba kusa ba, akwai ɗaya ta soyayya da ya gwada fiyano, ba ta kama ni ba. Shirin zan ci gaba da bi, na kuma tura musu saƙo kan maganar sautin da ta adireshin, kashin ɗin bai da nauyin data sosai in ka sauke shi da dare, ku nema ku ji, in kuna da ɗan'uwa a shagon ɗinki ku tura masa.