Ƙwayar Campden: ra'ayina ga masu dafa giya a gida da ruwan famfo

Wannan ƙwayar ta Campden gaskiya tana aikin da aka ce tana yi, amma aiki ɗaya ne tak, wato cire kulorin da kuloramin daga ruwan famfo, kar wani ya saya yana zaton ta gama masa matsalar ruwa gaba ɗaya.

Giya ai sama da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, to ruwan famfo kuma ana zuba masa kulorin ko kuloramin (kulorin da aka haɗa da amoniya) don kashe ƙwayoyin cuta, wanda abu ne mai kyau in sha za ka yi, amma da ya haɗu da tsiron sha'ir da yis sai ya haifar da wani sinadari, kulorofenol, shi ne ke sa giya ta riƙa warin filasta ko maganin wanke ciwo. Ɗan kaɗan ya isa ya ɓata tukunya guda, kuma in ya shiga ya shiga, ko ka ajiye ta wata da watanni ba zai fita ba.

Kulorin zalla ba shi da wahala, ka bar ruwa a buɗe ya kwana ko ka tafasa zai tafi. Kuloramin ne mai taurin kai, barin ruwa ya kwana bai yi masa komai, filta mai gawayi ma sai ruwan na bi a hankali sosai kafin ta kama shi. Nan ne ƙwayar ta burge ni. Abin da ke cikinta metabisalfait ne, na fotasiyam ko na sodiyam, guda ɗaya tana isar ruwa kusan lita 75, wato mai dafa lita 20 ko rabi ma ya yi masa yawa, kwata ya ishe shi. Ka murƙushe, ka zuba, ka juya, cikin 'yan mintuna warin ya ɗauke. Sunan ma daga garin Chipping Campden na Ingila ya samo asali, inda aka fara haɗa ta don adana 'ya'yan itace.

Abin da ban so ba: raba ta gida huɗu aiki ne, tana da tauri sai ta tarwatse, kuma in ba ka niƙe ta sosai ba sai ta zauna a gindin tukunya ba ta narke ba. Ni na fi son ta fotasiyam don ba ta ƙara gishiri a ruwa. Masu asma kuma wasunsu salfait ɗin da ke cikinta na tayar musu, a kula wajen shaƙar garin. A ajiye ta a rufe, iska da danshi na rage mata ƙarfi.

Sannan kusan ba ta taɓa ma'adinan ruwa. In ruwanka mai nauyi ne, wato mai yawan ma'adinai, haka zai zauna, pH (ma'aunin tsami) na jiƙon tsiro da ake so ya tsaya tsakanin 5.2 da 5.6 sai ka gyara da kanka, da jipsam ko kalsiyam kulorayid ko ɗan asid. Ruwan Burton a Ingila ma'adinin salfet ya yi masa yawa shi ya sa giyarsu mai ɗaci ta yi suna, na Pilsen a ƙasar Cek kuwa mai laushi ne sosai, ƙwayar ba za ta mayar maka da wannan ya zama wancan ba.

Shi ya sa nake cewa kafin ka saya ka nemi masu dafa giya da ke jan ruwa daga layi ɗaya da kai. Su suka san ko kulorin ake sa muku ko kuloramin, da lokacin da warin ke ƙaruwa, wani ma ya riga ya kai ruwan an gwada yana da takardar a hannu zai nuna maka. Ka kai musu kwalbar giyarka su ɗanɗana, harshen wanda ya daɗe a harkar zai gane warin filasta nan take. In sun ce kuloramin ne, sayi ƙwayar ba sai ka yi dogon tunani ba.