Sharhi kan nRF24L01+: rediyo mai saurin sauya tasha, mai rowar bayanin sigina

Duk wanda ya taɓa haɗa ƙananan na'urori biyu domin su yi musayar bayanai ba tare da waya ba, da wuya a ce bai ci karo da nRF24L01+ ba, wato ɗan ƙaramin rediyon da kamfanin Nordic Semiconductor na ƙasar Norwe ya ƙera. Yana aiki a kan zangon 2.4 GHz, ana magana da shi ta hanyar SPI, wato tsarin wayoyin da ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi take aika masa umarni da su, kuma yana ɗaukar ƙunshin bayanai da bai wuce bait 32 ba a kowane aike. Wajen araha da ƙarancin cin wuta ba ni da ƙorafi a kansa. Abin da ya cancanci a tsaya a kai shi ne halinsa a ranar da sadarwa ta fara yankewa, domin a nan ne ake gane kayan aiki na gari.

Tashoshinsa 126 ne, daga 2400 zuwa 2525 MHz, kuma lambar da aka rubuta a rijistar RF_CH, wato gurbin ajiyar saitin tasha a cikin rediyon, ita ake ƙarawa a kan 2400 a sami mitar da za a yi aiki da ita. Bayan sauya tasha, mikirosakan 130 kawai yake bukata ya daidaita, wanda ya sa tsalle daga tasha zuwa tasha domin guje wa cunkoso abu ne mai yiwuwa. Sai dai takardar bayanin kamfanin ta fayyace cewa ana rubutu a rijista ne lokacin da rediyon yake a kashe ko yake zaman jira, saboda haka dole ne a sauke ƙafar CE, wadda take kunna aike da sauraro, a rubuta sabuwar lamba, sannan a sake ɗaga ta. Wanda ya tsallake wannan mataki yana iya karanta rijistar ya ga sabuwar lamba, alhali saƙo ba ya isowa, kuma rediyon ba zai yi masa ko tari ba. Haka kuma babu wani tsari a cikinsa da ke sanar da ɗaya ɓangaren cewa an ƙaura. Mai rubuta manhaja ne zai tsara yadda ɓangarorin biyu za su sake haɗuwa idan saƙon sanarwar ƙaura ya ɓace a hanya, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ware tasha guda da kowa zai koma mata bayan ɗan shiru.

Yawan tashoshin ma yana iya ruɗar mutum. Zangon da aka buɗe wa kowa ya tsaya ne a 2483.5 MHz, don haka tashoshin da suka haura 83 suna wajen abin da dokokin ƙasashe da dama suka amince da shi, ko da yake su ne suka fi zama shiru. A ƙasa da su kuwa akwai Wi-Fi, wanda tashoshinsa na 1 da 6 da 11 suke a 2412 da 2437 da 2462 MHz, kowacce da faɗin kimanin 20 MHz. Wannan ne ya sa tasha ta 76, wadda RF24, tarin manhajar da ake sarrafa rediyon da shi, yake farawa da ita, ta zama zaɓi mai ma'ana, domin 2476 MHz tana sama da waɗannan tashoshin Wi-Fi kuma ba ta haura 83 ba. Idan an zaɓi gudun 2 Mbps, sai a bar tazarar 2 MHz tsakanin tashoshi.

Babban rauninsa, a ganina, shi ne rashin ma'aunin ƙarfin sigina. Abin da ya tanada shi ne RPD, alama ɗaya tak da ke cewa e ko a'a, wadda take kunnuwa idan ƙarfin da ya shigo ya haura -64 dBm (dBm ma'aunin ƙarfin sigina ne, kuma -94 ya fi -64 rauni). Tun da rediyon yana iya jin sigina mai rauni har -94 dBm a gudun 250 kbps, akwai tazarar dB 30 da sadarwa take tafiya lafiya amma alamar tana nuna sifili, kuma a cikin wannan tazara ce galibin matsalolin nisa suke faruwa. Tana da amfani wajen bincika tashoshi ɗaya bayan ɗaya a ga inda hayaniya ta yi yawa, matuƙar an bar rediyon yana sauraro aƙalla mikirosakan 170 kafin a karanta ta, amma ba ta bambanta siginar abokin magana da ta maƙwabci.

Abin da ya fi ta faɗin gaskiya shi ne rijistar OBSERVE_TX, wadda ke ƙirga sau nawa aka maimaita aike kafin a sami amsa, har zuwa 15. Idan maimaicin ya ragu da aka sauya tasha, cunkoso ne. Idan ya ragu da aka sauko zuwa 250 kbps, nisa ne ko eriya. Ya kamata a lura cewa rubutu a RF_CH yana share ƙirge na biyu da ke cikin OBSERVE_TX, wato na saƙonnin da suka ɓace, don haka a karanta shi kafin a ƙaura.

Idan kuwa maimaicin ya ragu da aka rage ƙarfin aike daga 0 zuwa -18 dBm, to a duba wuta kafin a zargi iska. Rediyon yana son tsakanin bolt 1.9 zuwa 3.6, kuma ƙafar bolt 3.3 ta wasu allunan Arduino, ƙananan kwamfutocin da ake yawan haɗa shi da su, ba ta jure fizgar da yake yi lokacin aike, musamman samfurin mai ƙarin amfilifaya da doguwar eriya. Kafasita mai 10 µF da aka liƙa daf da ƙafafun wutar yakan kawo ƙarshen matsalar. Akwai kuma jabu da yawa a kasuwa, irin masu ɗauke da Si24R1, waɗanda ba koyaushe suke jituwa da na asali ba, shi ya sa ya fi kyau a sayi ɓangarorin biyu daga tushe guda.

Ga aikin da nisansa gajere ne kuma tasharsa ɗaya, ina ba da shawarar a saye shi ba tare da ɗar-ɗar ba. Wanda tsarinsa ya dogara da auna ƙarfin sigina domin zaɓar tasha ko kimanta nisa, gara ya nemi CC2500 na Texas Instruments ko jerin nRF52 na Nordic ɗin, domin su suna ba da adadin RSSI, wato ma'aunin ƙarfin siginar da ta shigo, da za a iya karantawa.