Kan sarkin tunawa ko wasiƙun fursunoni: da wanne za ka fara?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗinka ba yawa, kana so ka san ko ka fara tara kan sarkin da ƙasashe suka buga don tunawa da 'yantar da sansanonin gwale-gwalen Nazi, ko ka nemi wasiƙun da fursunoni suka aiko daga ciki. Ni dai kan sarkin zan ce maka.

Yana da araha, don an buga shi da yawa, kuma ba kasafai ake jabunsa ba. Daɗin abin sai ka jera na ƙasashe daban-daban, ka ga kowa da wanda ya zaɓi ya tuna. Tsohuwar Jamus ta Gabas tun shekarun 1950 ta riƙa fitar da masu ƙarin kuɗi a kai, ana tara ƙarin don gina wuraren tunawa a sansanonin Buchenwald, Ravensbrück da Sachsenhausen. Fuskokin da ke kai galibi na 'yan kwaminis ne da sauran masu adawa da Hitler, irin su Ernst Thälmann da aka kashe a Buchenwald a 1944. Yahudawa kuwa da ƙyar za ka ga alamarsu. Isra'ila ta fitar da nata a 1965, Amurka da haɗaɗɗiyar Jamus a 1995, na Amurkan santi 32 ne.

In ambulan mai ɗauke da kan sarkin ne, hatimin gidan waya za ka fara dubawa, gari da kwanan wata, ka ga ko sun dace da sansanin da ranar 'yantar da shi. Sojojin Sobiyet sun shiga Auschwitz ranar 27 ga Janairun 1945, Amurkawa Buchenwald 11 ga Afrilu da Dachau 29, Birtaniya kuma Bergen-Belsen 15 ga Afrilu. In na Auschwitz ne, hatimin Poland zai ce Oświęcim ne, kada ka zaci wani gari ne.

Wasiƙar fursuna wani abu ne daban. Takardar sansani ce, an buga dokoki a jikinta, ga lambar fursuna da ta ɗakinsa, ga hatimin mai tace wasiƙu. Da Jamusanci dole za a rubuta, kuma kusan kowacce cewa take lafiya ƙalau, tunda wadda ta faɗi gaskiya ba ta fita. Yawancin na Auschwitz na fursunonin siyasa ne 'yan Poland. Ga tsada, ga jabu birjik, musamman koren kan sarkin ƙunshin kaya na sansanin Theresienstadt na 1943. Sannan duk kafin 'yantarwa aka rubuta su, ka ga ba ainihin abin da kake nema ba ne. Ni har yau ban saki jiki da cinikin wasiƙar da wani ya rubuta wa mahaifiyarsa cikin wannan hali ba.

In daga baya ka ga wadda ta kwanta maka, nemi takardar shaidar ƙwararre, ka kuma duba suna da lambar fursunan a rumbun Arolsen, mai adana bayanan waɗanda 'yan Nazi suka zalunta, ta intanet kafin ka biya.